Kwalbar Tabar Sale

Ni ne Garba na Limawa, a nan Dutse. Aji uku na yi a firamare aka sallame ni, saboda na ɗaure wa malamin lissafi ƙadangare a sirdin keke. Duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, iyakar abin da na tsira da shi ke nan. So nake in faɗi yadda na bar gida da niyyar zuwa Makka neman aiki na ƙare ina kiwon kwaɗi a Kartum, da yadda na kusa kashe ƙanin matata ba tare da ko cacar baki ta haɗa mu ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba kaina kaɗai nake jin haushi ba.

Shekara huɗu da ba mu jiha muka tashi, bayan kwalta ta ratsa tsakiyar lambuna. Mu biyu ne, ni da Sale, ƙanin matata Hajara, mutumin Taura, magidanci mai 'ya'ya biyu, dogo kamar turken wutar lantarki, ga baki. Abu biyu Hajara ta ce da ni. Na farko: "Malam, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage mini. Yadda ka tafi da shi haka za ka dawo mini da shi." Na biyu, in na ga kwalabe masu kyau irin na ƙasar waje in taho mata da su na zuba yaji. Wanda ya san gidajenmu ya san ba wasa take ba. Mu ba ma yar da mazubi. Gwangwanin madara ya koma ma'aunin gero, kwalbar maganin tari ta koma ta man gyaɗa, buhun taki ya zama labule. A haka na tashi, kuma a haka na tafi.

A Gamboru muka haɗu da mutumin da zai kai mu. Alhaji Mai Biza ake ce masa, mai haƙorin Makka biyu da carbi mai tsawon igiyar guga. Ya ce hanyar Sudan ita ce ta magabata, lada ninki biyu, kuma mota mai kujera za mu shiga. Da muka tsallaka Injamena sai ga motar: tirela ce ta albasa, kujerarmu kuwa buhunan ne. Shi ya shige gaba kusa da direba. Na ce, "Alhaji, ina kujerar?" Ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Garba, mai zuwa ɗakin Allah yana zaɓen wurin zama?" Na hau.

Kwana tara muka yi kafin Abeshe. Sale mutum ne mai gyangyaɗi ko a tsaye, ga motar tana tangaɗi a cikin rairayi. Ranar da na ga rabin jikinsa ya leƙa waje yana minshari da rana tsaka, sai na kwance rawanina na ɗaure ƙugunsa da nawa. Ya farka ya dubi ƙullin.

"Yaya Garba, akuya ka mai da ni?"

"Akuya ai in ta faɗi a ci nama. Kai in ka faɗi yayarka ce za ta cinye ni."

"To ka ɗaure da kyau, don kai ne mara nauyi. In na tafi tare za mu."

A kowane shinge sai masu bindiga sun sauke mu sun zazzage jakunkuna. A ɗaya suka ɗauke mana ƙullin kilishi, a wani suka ɗauke bargon Sale, har da wanda ya gwada hulata ya ga ta yi masa daidai. A Abeshe wata tsohuwa mai sayar da busasshen tumatir ta ga leɓunanmu sun tsage, ta miƙo mana ƙwaryar kunu, mu kuwa ba mu da harshen yi mata godiya. Na ɗaga hannu sama, ita ma ta ɗaga.

Daga Nyala, cikin Sudan, a kan rufin jirgin ƙasa muka zauna, wai ciki ya cika. A can ne Sale ya koyi mugun hali. Mutanen ƙasar suna da wata tabar gari mai danshi da suke cusawa a ƙarƙashin leɓe, tumbak suke ce mata. Wani maƙwabcinmu a rufin ya ba shi ɗan kaɗan don ya kore gyangyaɗi. Ya kore gyangyaɗin, ya bar mana tofar da yawu. Na ce, "Sale, Makka za mu, ka koyi abin da za ka ƙazantar da harami." Ya ce in mun isa zai daina. Da yake ba mu isa ba, bai karya alkawari ba.

A Kartum Alhaji Mai Biza ya tara fasfunanmu a jakar hannu, ya ce mu jira shi a gindin wata bishiyar darbejiya, zai je a buga biza ya dawo kafin azahar. Mun yi azahar a wurin, mun yi la'asar, mun yi kwana uku. Har yau ban sake ganin haƙoran nan biyu ba. In yana raye, Allah ya isa. In ya mutu, ya tarar da ita a can.

A gindin bishiyar akwai wata mai shayi, Hajja Zainaba, mace mai jiki da murya. Rana ta uku ta ji Sale yana zagin Alhajin, sai ta ajiye buta ta ce, "Ku mutanen ina ne?" Da Hausa, amma irin wadda kakata take yi. Ashe kakanta mutumin Garki ne, ya taho aikin Hajji a ƙasa ya tsaya a nan neman guzuri, har jikoki. Ita ba ta taɓa ganin Garki ba, amma ta tambaye ni ko har yanzu akwai tsamiya a bakin kasuwa. Na ce akwai, ko da yake ban sani ba. Ta zuba mana shayi da madara, ta ce, "Ku sha, 'yan ƙasarmu. Ba ku ne na farko da aka ajiye a bishiyar nan ba."

Ita ta samo mana aiki. Bayan katangar da take jingina akwai wata makarantar koyon likita, a ciki akwai ɗakin gwaje-gwaje, kuma mai ɗakin yana neman wanda ba ya ƙyamar kwaɗo. Mu da muka tashi a fadama? Sale ya zama mai kamowa daga lambunan bakin kogin Nilu, ni na zama mai kiwo da wanke kwalabe da shara. Ba takarda, ba tambaya, kuma saboda ba takarda ba ka da bakin cewa komai.

Mai ɗakin Dakta kawai muke ce masa. A Turai ya yi karatu, kuma kullum sai ya tuna wa mutane. Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa bai taɓa kiran sunana ba. "Ya zol," wato kai mutum, shi ne sunana. Ɗalibai suna da farar riga da safar hannu, wani lokaci har da abin rufe hanci. Ni da nake tsoma hannu a ruwan wankin duk abin da suka taɓa da safar, hannuna tsirara. Da na nuna masa yatsuna suna saɓa, ya ce fatar mutanenmu tana da kauri.

Aikin kuwa ga shi. In na miƙa kwaɗo, sai su kashe shi, su zare wata farar jijiya kamar zare tare da naman ƙafa, su shimfiɗa a faranti mai ruwan gishiri, su jona mata waya. In an taɓa ta da ɗan lantarki sai ƙafar ta harba sau ɗaya, wata allura ta zana layi a takarda. Ni dai kafin in miƙa kowane kwaɗo sai na yi bismilla, don rai ne. Dakta ya ce in daina ɓata masa lokaci, na koma yi a zuci.

Akwai wani farin gari kamar gishirin Ingila a wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, mai baƙin murfi. In suka narka ɗan mitsitsi suka ɗiga a kan jijiyar, sai ƙafar da take harbawa sau ɗaya ta kama rawa, tana karkarwa, tana miƙewa, ba mai taɓa ta. Abin yana ba ni dariya. Na sa masa suna mai sa kwaɗo rawa.

A cikin ɗaliban akwai wata mai suna Amal, siririya mai gilashi, ita kaɗai take gaishe ni, kuma "Ammu Garba" take cewa, wato baffa. Lokacin Larabcina ya ɗan yi ƙwari, na tambaye ta sirrin garin nan. Ta ce sunansa aminofiridin, amma a taƙaice lamba huɗu da haruffa biyu suke rubutawa, 4-AP. Ta tambaye ni sana'ata a gida, na ce lambu.

Ta ce, "To, in za ka ba fangali ruwa yaya kake yi?"

"In buɗe masa hanya ya shiga."

"In ya ƙoshi fa?"

"In toshe mashiga, in buɗe mafita ya wuce, in ba haka ba shuka ta ruɓe."

Ta ce haka jijiya take. A jikinta akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. In saƙo ya zo, wasu su buɗe wani gishiri ya shiga, jijiya ta harba. Nan take wasu ƙofofin su buɗe, wani gishirin da ake kira fotashiyam ya fita, jijiya ta huce ta jira saƙo na gaba. Garin nan waɗancan ƙofofin na fita yake toshewa. Jijiya ta harba ta kasa hucewa da wuri, sai ta yi ta aika saƙo kan saƙo. Su kuma da gangan suke toshewa don su gane aikin ƙofar. Na ce ashe ni ma da na yi aji huɗu da na zama dakta. Ta yi dariya ta koma kan farantinta. Ta gaya mini abin da yake yi wa kwaɗo. Ba ta gaya mini abin da yake yi wa mutum ba, don a tunaninta ba mai hankalin da zai kai shi baki. Ba ta san mu ba.

Za a ce ai akwai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jikin kwalbar. Akwai. Amma a ɗakin nan rabin kwalaben suna da shi, har na ɗauka tambarin kamfanin ne, kamar zakara a jikin sabulu. A yi mini dariya, na cancanta. Sai dai in an gama dariyar a gaya mini: mutumin da ya yi karatu a Turai, ya ɗauki wanda bai iya karanta Turanci ba ya sa shi sharar ɗakin guba shekara huɗu, zai ƙare shi da me in ya tsaya sau ɗaya ya ce, ya zol, wannan hoton ma'anarsa mutuwa?

Wata ranar Talata da safe ina kwashe kwandon shara na ga kwalbar a ciki. Garin ya ƙare, sun buɗe sabuwa. Na ɗaga ta a haske. Gilashi mai kauri, baki mai faɗi, murfi mai kama iska. Wallahi ko a kantin Kwari ban ga irinta ba. Hajara ce ta fara faɗo mini a rai, na sa ta a aljihu. Sai kuma na tuna Sale yana ta ƙorafin tabarsa tana bushewa a leda. Na ce bari ya riƙe kafin mu tashi komawa.

Ga inda na yi wautar da ba wanda zai yi sai irinmu. A wurinmu mazubin da za a zuba gari ba a wanke shi da ruwa, don kada abin ya dunƙule. Kifewa ake a bubbuga, a hura, a goge baki da gefen riga. Haka na yi. Na ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta, na ce wannan ai ya zama jikin kwalba. Na kankare takardar da wuƙa don ta yi kyau, na kai wa Sale a wurin Hajja.

Ya jujjuya ta. "Yaya Garba, yau kuma kyauta? Ko ka ji an ce zan mutu ne?"

"Riƙe dai, aro ne. Ta yayarka ce."

"Duk abin yayata ai nawa ne, har kai."

Ya juye tabarsa mai danshi a ciki ya danna da babban yatsa.

Kwana biyu ba abin da ya faru, don daga sama yake ɗiba. Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da mutanen ƙasar suke karin kumallo, ya kawo buhun kwaɗi ya zauna a benci, ya sa yatsa ya kankaro ta ƙasan ya cusa a leɓe. Ya ce yau tabar da ɗaci. Muna cikin cin wake da burodi ya ce leɓensa da yatsunsa suna yi masa kamar tururuwa na bi. Sai zufa ta karyo masa, riga ta jiƙe sharkaf. Ya tashi zai miƙe, ƙafafu suka ƙi. Ya faɗi a gaban murhun Hajja, jikinsa ya sandare, sannan ya kama jijjiga, haƙora suna datse harshe, jini da kumfa suna fita.

Mutane suka taru. Wani ya ce farfaɗiya, Hajja ta ce mutumin da yake yawo a bakin kogi da sassafe ai dole ya taka 'ya'yan mutanen ɓoye. Ta watsa turare a garwashi, wani dattijo ya dafa kansa ya fara karatu, aka aika a kira mai ruƙiyya. Ni ina riƙe da ƙafarsa, ina kiran sunansa.

Ƙafar ce ta gaya mini. Tana hannuna tana karkarwa, ta miƙe, ta saki, ta sake harbawa ba mai taɓa ta. Shekara huɗu ina kallon wannan rawar a faranti. Na dubi ƙasa, ga kwalbar ta gangaro daga aljihunsa.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba. Na gane, kuma na yi shiru. Ƙasar nan shari'a ake yi, mun sha jin labarin yanke hannu, ga ni ba takarda, ga kayan ɗakin Dakta a wurin ɗan'uwana. In na buɗe baki na ce ni na ɗauko, sunana ɓarawo. In na yi shiru, aljanu ne suka ɗauki laifin, kuma ba mai kai su kotu. Na dubi hannuna na dama, wanda nake cin tuwo da shi. Wallahi na dube shi. Tsawon abin da mutum zai sha rabin kofin shayi ina tsugune ina wannan lissafin banza, Sale yana buga kai da ƙasa. Sai jijjigar ta lafa, na ce alhamdu lillahi ya wuce. Kafin in rufe baki ta dawo fiye da ta farko, fuskarsa ta fara yin baƙi. Na ji muryar Hajara kamar tana bayana: yadda ka tafi da shi.

Na sa yatsa na ƙwaƙulo sauran tabar daga leɓensa, ya kusa cire mini yatsan. Na ɗauki kwalbar na ruga. Ban ƙwanƙwasa ba, na banka ƙofar ɗakin gwaji, Dakta yana tsaye a gaban ɗalibai da alli a hannu. Larabcin ya gudu ya bar ni. Na ɗaga kwalbar ina ihu da Hausa, "Mai sa kwaɗo rawa! Sale ya ci! Yana rawa!" Na nuna leɓena, na karkaɗa ƙafa.

Abin da Dakta ya fara cewa, kuma ba zan yafe ba: "A ina ka samu wannan kwalbar?"

Ba ina mutumin yake ba. Ba yana numfashi ba. A ina ka samu.

Amal ce ta fizge kwalbar ta shinshina, ta dubi kantar da sabuwar take, ta yaga takarda ta rubuta sunan da manyan haruffa. Ta fita da gudu da farar rigarta, na bi ta. Ta ture mai karatu, ta juya Sale a gefensa, ta daka wa masu danne shi tsawa su sake shi. Hajja ta tare wata a-kori-kura da jikinta, a tsakiyar titi, hannu a ƙugu. Muka sa shi a baya.

A asibiti Amal ta miƙa takardar kafin a tambaye mu suna. Likitan ya karanta ya ce abin ba shi da makari, sai dai a yi ta kwantar da jijjigar har jiki ya fitar da shi da kansa. Suka yi masa allura, ta lafa, ta dawo, suka ƙara. Suka wanke bakin, suka ɗaura ruwa, suka sa masa abin numfashi. Likitan ya ce da mun tsaya jiran mai ruƙiyya, ko da mun zo ba mu san sunan abin ba suna ta lalube, da wani zancen ake. Na zauna a ƙasa a baranda.

Rana ta uku da la'asar ya buɗe ido sosai. Harshe ya kumbura, gefensa ya gutsure, haƙorin gaba ɗaya ya tafi. Na sunkuya na gaya masa komai, ban rage ba, har da tsayawar da na yi ina kallon hannuna. Ya dube ni. Sannan ya ce da ƙyar, "Yaya Garba."

"Na'am."

"Da ka bari na faɗo daga motar albasa ai da ya fi sauƙi."

Na yi dariya, na yi kuka, har ma'aikaciyar ɗakin ta kore ni waje.

Washegari Dakta ya aiko a kira ni. Ga ɗan sanda a zaune, ga takarda da Turanci, ga tawadar dangwale. Wai in sa yatsa. Na ce a karanta mini. Ya ce ba sai an karanta ba. Amal tana bakin ƙofa, ta ce, "Ammu, an rubuta ka buɗe kabad mai kulle ka sata." Ta juya wurin ɗan sandan ta ce a kwandon shara kwalbar take, ita da kanta ta ga an jefa, kuma ƙa'ida ita ce a ɗauraye ta sau uku a fasa kafin a yar, ba a taɓa yi ba, ba a kuma taɓa gaya wa mai shara komai ba. Dakta ya ce mata wata magana da Turanci, fuskarta ta canja, amma ba ta janye ba. Ban san abin da ya same ta daga baya ba. Ina sa ta a addu'a tare da iyayena.

Ɗan sandan ya ninke takardar ya ce shi bai ga sata ba, amma ina fasfo? Nan kam ba Amal da za ta cece ni. Da ake fita da ni na ga an riga an manna wata sabuwar takarda a bango, da Larabci, da jan alƙalami, har da zanen kwalba da gatari. Rubutun da bai ci minti biyar ba. Shekara huɗu bangon nan yana nan fari fat.

Mako shida muka yi a tsare, ni da Sale bayan an sallame shi. Kullum da hantsi Hajja Zainaba tana aiko mana da shayi a kwalbar lemo, kuma kullum sai na shinshina kwalbar, har masu gadi suka ɗauka taɓin hankali ne. Ranar da za a ɗora mu a motar komawa gida ta zo da kanta ta ce in na je Garki in gaishe mata da tsamiyar. Muka biyo hanyar da muka zo, shinge bayan shinge, ba abin da za a ƙwace mana kuma. Makka dai ko ƙurarta ban gani ba.

Mun sauka Dutse ana ta shirin ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da zancen. Tun a tasha da aka ji daga Sudan muke aka kewaye ni, wai yaya ake yin ta a can. Na ce ni dai ga hannuna na dawo da shi, kuma in ana neman inda za a fara, a fara da masu sayar wa mata jarkar maganin feshi a kasuwa su zuba man gyaɗa. Aka yi dariya aka ce Garba bai canja ba. Har yau in na ga irin jarkar nan sai na huda ta da wuƙa, an kai ni gaban mai unguwa sau biyu a kan haka, kuma zan ƙara.

Hajara ba ta dube ni ba da muka shiga. Sale ta kama, ta juya shi gaba da baya kamar mai sayen rago, ta taɓa kafaɗu, ta ƙirga yatsu. Ya yi mata murmushi, ta ga giɓin.

"Ina haƙorinka? Me ya sami harshenka kake magana kamar mai tsotsar alewa?"

"Hanya ce, Yaya."

Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta zazzage jakata a tabarma. Riga biyu, buta, carbi. Ta ɗaga jakar ta girgiza.

"Malam, shekara huɗu da ɗoriya a ƙasar waje, ko 'yar kwalbar yaji ɗaya ba ka samo mini ba?"

Na dubi Sale, na roƙe shi da ido. Ɗan banzan ya gyara zama, ya tura harshe a giɓin.

"Ya samo miki, Yaya. Mai kyau kuwa, baƙin murfi. Ni na riga ki."

Kafin magariba ta ji komai. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tashi ta shiga ɗaki ta kwaso kwalabenta na shekara ashirin, duk wadda ba ta san abin da ya fara zama a cikinta ba, ta kai bayan gida ta farfasa da taɓarya ɗaya bayan ɗaya, ta haƙa rami ta binne. Wata guda ba ta yi mini magana ba sai ta bakin Sale.

Yanzu mun tsufa, ta huce, har takan ba jikoki labarin tana dariya. Amma kowa a gidan nan yana da 'yar kwalbar yajinsa, sabuwa, sayen kanti. Ni kaɗai ake ƙulla wa nawa a takarda.